Daga tabarmar fada zuwa sana'a: yadda matashin Tawa zai kama abin yi

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman ƙannena samarin Tawa da kewaye. Shekaranjiya da hantsi na fito gida za ni wurin aiki, tsakanin ƙofarmu da bakin kwalta na ƙirga fada huɗu, kowace da butar shayinta bisa gawayi, samari majiya ƙarfi zaune ana belot ana duban salula, kuma ƙarfe goma ma ba ta yi ba. Raina ya sosu ƙwarai don na san wanga zama, ni ma na yi shi. Na gama lisans a Yamai, na yi sarbis sibik shekara biyu, na dawo gida na share kusan shekara uku ina jiran konkur ina kai dosiye nan da can, har Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran injin ban ruwa ya ce in zo in riƙa kama mishi. Yau da ita nake ci da iyalina, na ƙara da ɗora pano na hasken rana, kuma yara uku na koyo a hannuna. Abin da zan faɗa maku nan abin da na gani ne da idona, da wanda na taɓa da hannuna.

Kafin magani bari mu san ciwon. Mu dai muna da yawa, Allah ya ƙara albarka. Ƙidayar 2012 ta ba Nijar mutum miliyan 17 da ƴan kai, jihar Tawa kaɗai ta haura miliyan 3, yau ƙasar ta wuce miliyan 25 kuma kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara ga sabbin samari sun taso suna biɗar abin yi, su ko masana'antu da za su kwashe su ba mu da su, in ka cire siminti na Malbaza sai ka yi ta tunani kafin ka kawo wani babban kamfani a duk jihar. Lakol kuma tun muna CI, ajin farko na firamare, abin da anka sa mana a kai shi ne ka yi karatu ka zama fonksiyone, ka samu biro da albashi ƙarshen wata. Gwamnati ba ta iya ɗaukar kowa, ba ta taɓa iyawa ba. Jami'ar Tawa da anka buɗe a 2010 na fiddo ɗalibai kowace shekara, ga na Yamai da Maradi da Damagaram, duka ana layi ɗaya gaban ƙofa ɗaya, kuma kowa ya san sau da yawa mai sanayya ke rigan mai cancanta shiga.

Amma ni a ganina babban abin da ke cin matasan Adar shi ne rani. Damina wata uku zuwa huɗu ce, ka yi shuka, ka yi noma, ka yi girbi, daga nan sai wata takwas ba aikin gona. Gonar ma da kakanmu ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke da gado cikinta, hatsin da za a samu ba ya kai gidan ga watan azumi wani lokaci. Shi ya sa tun kakanni mutanenmu ke tahiya biɗa, Abijan, Najeriya, Kamaru, Libiya, Aljeriya, daga 2014 anka ƙara da zinariyar Jado. Wasu sun samu sun gina gidaje, ba mai musu. Amma rikicin Abijan da yaƙin Libiya na 2011 sun maido dubbai hannu wofi, har yanzu ana zubo ƴan uwanmu a iyakar Asamaka su tako da ƙafa cikin rairayi, kuma rufe iyakoki bayan watan Yulin 2023 ya nuna mana yadda kasuwar Konni ke iya yin sanyi dare ɗaya. Sai ka haɗa da rashin jari tunda banki sai da garanti, da katsewar kuran, da wata kunya da ke gare mu ta aikin hannu, wai ɗan gidan wane ba ya ƙira, mai bak ba ya taɓa baƙin mai. Wagga kunya ta fi rashin kuɗi cutar da mu, wallahi.

To yanzu mi za ka yi, kai da ke zaune yau?

Fara da kaye da bik. Sati ɗaya tak ka rubuta duk dalar da ta shigo hannunka da inda ta tahi: shayi da sukari, fofe na intanet, taba in kana sha, esans na yawo da moton yayanka. Yawancin waɗanda ke cewa ba su da ko tamma, in sunka yi wanga lissafi sai su tarar kuɗi na bi ta hannunsu kullum, ƙanana ne dai shi ya sa ba a ganinsu. Ka rubuta kuma awa nawa kake yi zaune. Kar ka nuna ma kowa, naka ne kai kaɗai.

Bayan nan ka tashi ka yi yawon gari da idon mai biɗar matsala. Kar ka tambayi kanka wace sana'a ce ke burge ka, tambayi mi mutane ke jira a yi masu har suna fushi. Je babbar kasuwa ranar Lahadi, je tasha, je garake wurin masu lambu, shiga unguwannin da ake sabbin gine-gine. Za ka ji mai gida na cewa sati biyu yana jiran mai jan ruwa, mai lambu injinsa ya tsaya albasa na ƙishi kuma makanisiye sai an ɗauko shi daga wani gari, mai firigo na neman wanda ya iya gyara da gaske, ƙauye guda sun sayi pano da bateri wani ya haɗa masu ba daidai ba batirin ya mutu cikin wata shida. Duk wurin da ka ji irin wanga kuka to akwai abinci nan. Abin da nake hana ku shi ne kwaikwayo, ka ga abokinka ya buɗe cajin salula ko ya sayi moto yana kabu-kabu kai ma ka yi irinta a layi ɗaya, ku raba ƴan kwastoman biyu kowa ya kwana da yunwa. Kabu-kabu ba laifi ba ce, ta rufa ma mutane da yawa asiri, amma moto na tsufa kai ma jikinka na tsufa, in za ka yi ta ka yi ta a matsayin tsani kana tara na wata sana'a.

In ka zaɓi sana'ar, sai neman maigida, kuma nan ne samari da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Kar ka tahi kai kaɗai hannu cikin aljihu ka ce patoro ina son aiki. Ka fara bincike a kansa, shin yaran da sunka koya wurinsa sun buɗe nasu ko har yau suna nan suna sayo mishi abinci shekara bakwai? Mai koyarwa na gari ana ganinsa ga yaransa. In ka natsu da shi ka samu babanka ko kawunka ko limamin unguwa ya raka ka, a gaisa, a ce ga ɗanka mun kawo maka amana. A gaban wanga dattijo za a yi magana a fili: shekara nawa za ka yi, wace awa ake zuwa, abincin rana bisa wa yake, in damina ta faɗi za a bar ka ka je gona ko a'a, kuma in ka ƙware zai sallame ka da albarka. Mutanenmu na jin nauyin irin wagga magana, amma rashin yinta shi ke kawo rigima daga baya.

Watannin farko za su yi maka ɗaci, gara in faɗa maka tun yanzu. Shara, ɗauko kile, wankin kayan inji cikin esans, yaron da ka girma da shekara biyar zai aike ka don ya riga ka shiga. Ni da lisans ɗina ɗan shekara 16 ne ya koya mani kwance karbirato, kuma har gobe ina ganin girmansa. Ka riga kowa zuwa. Ka riƙe ƙaramin kaye cikin aljihu, duk injin da anka kawo ka rubuta mi ke damunsa da yadda anka gyara shi, nan ne karatunka zai yi maka rana don za ka riƙe cikin shekara ɗaya abin da wani sai ya yi uku. Da dare maimakon kallon banza ka biɗi bidiyon sana'arka a YouTube, akwai su da Faransanci har da Hausa. Kuma don Allah ka nisanci tramol, ana cewa tana ba da ƙarfin aiki, na ga yaron da hannunsa ya fi na kowa kyau a sudur ta mayar da shi abin tausayi cikin shekara biyu.

Akwai kuma hanyar hukuma da mutane da yawa ba su san da ita ba. Komin da dama suna da cibiyar koyon sana'a da ake kira CFM, inda ake koyar da ɗinki, sudur, kafinta, makanikanci da wutar gida, har wanda ya bar lakol tun firamare ana karɓa. Akwai FAFPA, asusun gwamnati ne da ke biyan kuɗin horon matasa da aparanti. Ka je meri da ƙafarka ka tambayi yaushe ake rubuta suna, ka bar lambarka, ka koma bayan sati biyu ka sake tambaya. Takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa su kasance a shirye da fotokopi da hotuna, don sanarwar irin wanga abu ba ta daɗewa, sau da yawa kafin ka gama neman takarda an rufe. Amma ko ka samu horon purje na wata uku kar ka ɗauka ka zama gwani, ka koma ƙarƙashin maigida ka goge hannu. Kuma kayan aikin da wasu purje ke rabawa a ƙarshe, keken ɗinki ko akwatin kile, wanda ya sayar da su ya yi buki to ya sayar da shekarunsa ne.

Sai maganar jari, wadda ita ce kowa ke fakewa bayanta. Ga fadarku nan, ita ce bankinku in kun so. Ku 12 ne, kowa ya aje dala 20 kullum, ƙarshen wata kuna da jika 36, a shekara jika 432. Ku yi asusu, kowane wata mutum ɗaya ya kwasa, amma da sharaɗi: kuɗin ba na sabuwar salula ba ne ko kayan salla, na kayan aiki ne, kuma mutum biyu cikin fada su raka shi kasuwa a sayo a gaban idonsu. Ku zaɓi mai riƙon kuɗi da mai rubutu daban, kar mutum ɗaya ya haɗa biyun, ku sa tara ga wanda ya yi latti. Ba sabon abu na kawo ba, iyayenmu mata sun daɗe suna yi, tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi ya faro a 1991 kuma yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaye shi daga wurinmu. In mata a ƙauye sun iya da dala biyar biyar, samari goma sha biyu masu salula ba su da hujja.

Ranar da ka fara samun naka, ka raba aljihu biyu. Kuɗin sana'a daban, na cefane daban, ka yanka ma kanka abin da za ka ɗauka kowane sati ka tsaya a kansa. Abin da ya fi kashe ƙananan sana'o'i a garin nan bashi ne na ƴan uwa da abokai, a ce yi mani zuwa jibi, jibin ba ta zuwa, kai kuma kana jin kunyar tambaya. Ka koyi cewa kawu ka yi haƙuri kuɗin kaya ne ba nawa ba, aikin hannuna na bar maka amma kuɗin piyes sai an biya. Zai ji haushi kwana biyu ya huce. In abin ya fara girma ka je ka yi rajista ka samu NIF da RCCM, wato lambar haraji da rajistar kasuwanci, ta wurin Maison de l'Entreprise ko ofishin ƴan kasuwa, don ba purje ko meri da za ta ba ka kwangila ba tare da su ba.

Bari in daɗe kaɗan bisa noman rani don nan ne Allah ya aje mana arziki muna tsallake shi muna tahiya Abijan, inda za mu tarar albasarmu ta riga mu isa. Albasar Galmi sunanta ya kai Gana da Kodebuwa, ana nomanta daga Konni, Galmi, Madawa har fadamun Keita da Buza da Tabalak. Ba dole sai kana da lambu ba. Ka samu mai fadama ku yi yarjejeniya a gaban shaidu, ko haya ko a raba amfani, ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki ɗan wuri da za ku iya, kar ku kwashi abin da ya fi ƙarfinku shekarar farko. Ana zuba iri bayan damina wajen Oktoba zuwa Nuwamba, a dasa bayan kamar kwana 45, a cire wajen Maris da Afrilu. Matsalar ita ce kowa lokaci ɗaya yake cirewa, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi ƙasa warwas, manomi ga bashin esans da taki a wuya dole ya sayar, mai kuɗi ya saye ya aje, bayan wata biyar ko shida farashi ya ninka ya ci ribar gumin wani. Don haka dubarar tana ga ajiya. Kar ka cika mata ure, albasar da ta sha taki da yawa ba ta jimre ajiya. Ka yanke ruwa kamar sati biyu kafin cira, ka bari ganyen ya kwanta wuyan ya bushe, ka shanya ta a inuwa, ka ware masu rauni ka sayar da su nan take, lafiyayyun ka sa a rudu mai shan iska wanda ruwa ba ya shiga, kuma kana dubawa kana fidda wadda ta fara ruɓa don ɗaya na kashe ɗari. Ko kashi ɗaya cikin uku ka iya riƙewa ka ga bambanci. Wanda ba ya son noman ma akwai abinci gefensa: gyaran inji, haƙar rijiyar lambu, ɗora pano na ban ruwa, rainon iri a sayar ma masu dashe, ɗinkin buhu, lodi.

Wanda kuma gidansu ke da fako da anka yi watsi da shi, rani ne lokacin tayar da shi. Tassa da rabin wata, wato ramukan da ake haƙawa a gona don tara ruwan sama, ba labarin takarda ba ne, manoman Illela sun ga dubarar a Burkina ƙarshen shekarun 1980 sunka dawo sunka gyara ta, purjen Keita da ya faro a 1984 ya maido dubban eka da kowa ya fidda rai da su. Ka haƙa ramukan da rani, ka zuba takin gida, ruwan farko ya taru ciki. Aiki ne mai cin ƙarfi, amma ƙarfin ai shi ne muke da shi.

Ku masu diplom ban ce ku ƙona takardunku ba. Ka yi rajista a ANPE, ofishin gwamnati na masu neman aiki, ka karɓi katinka, ka riƙa bin sanarwa, duk konkur da ya dace da kai ka shiga, staj ko ba biya ka karɓa in wurin ana koyon abu. Abin da nake roƙonka kar jira ya zama shi ne aikinka. Ka sani kuma mafi ƙarancin albashi a doka jika 42 ne tun farkon 2024, makanisiyen da ya ƙware yana iya wuce haka nesa lokacin aikin lambu. Karatunka kansa haja ne: manyan ƴan kasuwa da yawa a garin nan suna juya miliyoyi lissafinsu duka a ka yake, ka je ka ce alhaji bari in riƙe maka kaye wata ɗaya ka gani. Ga koyar da yara a gida da marece, ga cika ma ƙungiyoyin manoma takardun neman tallafi.

Ƙannena mata, duk abin da na faɗa har da ku. Ɗinki da kitso da lalle suna da kyau amma sun cika, ku duba kiwon tumaki na layya, sarrafa gyaɗa da zogale, busar da albasa da tumatir lokacin da sunka yi araha, gyaran salula ma na ga mace na yi kuma mata sun fi sakin jiki su ba ta wayarsu. Iyaye kuma a daure a bar yarinya ta ƙare abin da ta fara koyo ko an sa ranar aurenta, a sa shi cikin magana da dangin miji tun farko.

In kuma ka ce kai dai sai ka tahi biɗa, ba zan riƙe ka ba, yayana ma da kuɗin Abijan ya aurar da mu. Amma ka tahi da sana'a a hannu don magini ko mai sudur ba ɗaya yake da mai tura baro ba ko a wace ƙasa. Ka tahi da takardunka, ka san wurin wa za ka sauka, ka yanke ma kanka abin da ka je nema da lokacin dawowa. Abin da kake aikowa ta Nita ko Amana ka raba shi, na cefanen gida daban, na jarinka daban a hannun wanda ka yarda da shi, ko a saya maka tunkiya ko a kama maka fili. Hanyar hamada kuma ka yi tunani sau bakwai.

Kalma ta ƙarshe ga ƴan uwana masu rumfa da garaji da manyan ƴan kasuwa, da magadan gari. In meri za ta yi teburan lakol ko ƙofofi, a ba masu sudur da kafintocin garin da sharaɗin su ɗauki aparanti, maimakon a sayo daga waje. A sassauta harajin patanti ga yaron da ya buɗe rumfa shekararsa ta farko. Mu kuma masu sana'a kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya koya mishi tsakani da Allah ba tare da ɓoye mishi sirrin aiki ba, in ya ƙware a sallame shi har a tura mishi kwastoma. Ni cikin yarana uku babban zai buɗe tashi rumfa bayan girbi in sha Allahu, mun riga mun fara tara mishi kile da mita, wurinsa kuma zan ɗauki wani daga cikin fadojin nan huɗu na layinmu, duk wanda ya fara zuwa da kawunsa.